Shekara shida da Rolex Submariner a hannuna, a nan Damagaram

Ɗan yayata ne ya sa ni wannan rubutu. Wata Alhamis, kasuwar Dole ta cika ta batse, sai ga shi ya shigo shagona da ɗan koren akwati a cikin leda, yana murmushi tun daga bakin ƙofa. Ya ce, "Kawu, na samo irin naka, amma nawa mai koriyar fuska ne." Na ce nawa ka biya? Ya ce sefa miliyon ɗaya da jika ɗari biyu, wani dillali ne ya haɗa shi da mai agogon ta WhatsApp, wai kuɗin asibiti mutumin yake nema. Tun ban buɗe akwatin ba gabana ya faɗi. Koren Submariner ɗin nan da ake wa laƙabi da Hulk, wanda aka ƙera daga 2010 zuwa 2020, na gaskensa ya ninka wannan kuɗi fiye da sau biyar, kuma mai shi ko yana kwance a asibiti ya san haka. Na ce masa, "Zauna, ɗana, mu sha shayi tukuna." Abin da na gaya masa ran nan shi nake son in gaya wa duk wanda ransa ya biya da wannan agogo.

Nawa baƙi ne, lambarsa 16610, ƙirar 2005. Na saye shi na hannu a Dubai a 2019, a wani ɗan kanti da ke Deira kusa da kasuwar zinariya, lokacin da na je saro shadda. Idan aka mayar da dirhamin da na biya zuwa sefa, ya kama miliyon huɗu da rabi. Ya zo da akwatinsa da takardar garantinsa ta asali, irin ta da, wadda ake huda lambar agogon a jikinta. Kwana uku ina komawa kantin kafin in biya, kuma sai da mai kantin ya yarda muka je wurin wani magyari da ba nasa ba, aka buɗe bayan agogon a gabana na ga injin da idona.

Mutane sukan tambaye ni me zan yi da agogon masu nutso a teku a garin da ruwan famfo ma sai an yi dako. Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ita ce ta sa na zaɓe shi. An ƙera shi ya jure ruwa har zurfin mita 300, kuma hanyar da aka bi aka toshe ruwa ita ce ta toshe ƙura. Kunnen da ake murzawa a saita lokaci ɗaure shi ake yi kamar noti, da robobi a ciki, bayan agogon ma murɗe shi aka yi gam. Duk wanda ya yi hunturu ɗaya a Damagaram ya san abin da hazo yake yi wa kaya: ka share tebur da safe, kafin azahar ka rubuta sunanka a kai da yatsa. Agogo uku hunturu ya kashe mini kafin wannan. Wannan kuwa hunturu shida ya gani, ƙwayar ƙura ɗaya ban taɓa hangowa a ƙarƙashin gilashinsa ba. Ina alwala sau biyar a rana, ruwa yana fantsama masa, ban taɓa damuwa ba, in dai na tabbata kunnen a ɗaure yake.

Ba ya amfani da batir. Motsin hannu ne yake wana shi, injin da ke ciki kuwa shi ne 3135, wanda kamfanin ya fara sakawa tun 1988 ya kuma daɗe yana amfani da shi saboda ƙwarinsa. Nawa yana yin gaba da daƙiƙa uku ko huɗu a rana, don haka duk ranar Juma'a ta biyu nakan daidaita shi da waya. In na ajiye shi, kwana biyu yake yi ya tsaya. Zoben da ke kewaye da gilashin, wanda ake ƙirga mintoci da shi, gefe ɗaya kawai yake juyawa, kuma da hikima aka yi haka: ko wani abu ya buge shi a ƙarƙashin ruwa, sai dai ya nuna wa mai nutso cewa ya daɗe fiye da yadda ya daɗe, ya fito da wuri, ba zai taɓa ruɗinsa ya zauna har iskarsa ta ƙare ba. Ni da shi nake auna mintocin da yara suke ɗauka wajen sauke dila daga mota, da kuma tazarar kiran salla da tada iƙama a masallacin layinmu.

Aibinsa yana ga sarƙar. Maƙullin irin na da ne, siririn ƙarfe da aka lanƙwasa, yana ƙara kamar gwangwani, bai dace da kuɗin agogon ba. Ga shi kuma ƙura da gumi suna taruwa tsakanin gaɓoɓin sarƙar suna cin ƙarfen a hankali har ta saki. Sai da na ga ta fara lilo na koyi wanke ta duk mako da tsohon buroshin haƙori da ɗan sabulu. Waɗanda aka fitar daga 2010 an gyara musu wannan: maƙulli mai kauri da ake ƙara masa faɗi ba tare da wani kayan aiki ba, wanda yake da amfani sosai a bazara lokacin da hannu ke kumbura, da kuma zoben seramik da ba ya koɗewa a rana. Zoben nawa na alminiyam ne, ranar Damagaram ta fara mayar da baƙinsa toka-toka. Ni dai ina son sa haka.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce ta kai ɗan yayata ta baro.

Gaskiya ne agogon nan yana riƙe daraja fiye da yawancin abin da mutum zai ɗaura a hannu. Tun 1953 ake yin sa, kamanninsa bai canza sosai ba, masu nema kuma sun fi abin da ake kaiwa kantuna. Sabo, mai lamba 126610LN da aka fitar a 2020, mai faɗin milimita 41 da injin da ke yin awa 70 bai tsaya ba, farashinsa a kantin wakilan kamfanin a Turai ya haura Yuro 10,000. Da yake sefa a ɗaure take da Yuro, 655.957 kowane ɗaya, lissafin ba wuya: sama da miliyon shida da rabi. Amma ba shiga za ka yi ka ɗauka ba, sunanka za a rubuta ka yi ta jira, shi ya sa 'yan kasuwar bayan fage suke ɗora nasu a kai. A farkon 2022 abin ya zama hauka. Wani dillali da na sani a Dubai ya kira ni har sau biyu yana taya nawa kuɗin da ya kai miliyon shida da rabi. Na ƙi, don ba don sayarwa na saya ba. Daga watan Afrilu na wannan shekara farashi ya fara gangarowa, ya kuma daɗe yana gangarowa, waɗanda suka saya a ƙololuwa da niyyar cin riba suka kwana ciki.

Sai 2023 na fahimci abin da ban fahimta ba. Bayan juyin mulkin watan Yuli aka rufe iyaka da Najeriya, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Kayana suka maƙale, masu bina bashi ba su maƙale ba. Na ciro agogon da akwatinsa na fara neman mai saye. A waya ina ganin irinsa ana tallarsa a kan abin da ya haura miliyon biyar. A nan garin, alhazai uku na kai wa. Na farko ya ce yana da irinsa guda biyu, ya ciro su daga aljihun mota, duka jabu ne, na yi shiru don girmansa. Na biyu ya ce wa zai tabbatar masa na gaske ne? Kuma gaskiyarsa, don babu wanda zai iya a kusa. Na uku ya san agogo sarai, ya kuma san ina cikin matsi, ya taya miliyon biyu da rabi. Abokan hulɗata na Kano da suka nuna sha'awa da naira za su biya, naira kuwa ta faɗi warwas a lokacin, in ka mayar da tayinsu sefa sai ka ji kamar zagi. Ƙarshe raguna na sayar da wani ɗan fili a hanyar Mirya, cikin kwana huɗu kuɗi suka shigo hannu. Agogon ya koma hannuna.

Farashin da kake gani a intanet na Dubai ne da Landan da Hong Kong, inda akwai masu saye da yawa da masu tantancewa a kowane lungu. Kafin ka kai agogonka can sai ka cire kuɗin jirgi da biza da la'adar dillali, kuma mai kanti ba zai saya a farashin da yake sayarwa ba. Wanda yake neman inda zai ɓoye dukiya don ranar wuya, a garin nan zinariya da dabba da fili sun fi agogo saurin zama kuɗi nesa ba kusa ba.

Wanda kuma ya ji duk wannan ya ce shi dai yana so ya ɗaura, da kuɗin da ba na jari ba ne, ina goyon bayansa, don ni ban yi nadama ba. Sai dai kada ya yi cinikin biri a sama. Jabun yanzu ba irin na da ba ne da ake ganewa da nauyi ko da tsalle-tsallen hannun daƙiƙa. Na ɗan yayata nauyinsa daidai, hannun yana tafiya sumul, gilashin da ke kan kwanan wata yana ƙara girman lamba yadda ya kamata, har ɗan kambin nan da ake zanawa a gilashi wajen ƙarfe shida yana nan. Katin garantin ma an buga. Sai an buɗe injin a gaban wanda ya san aikin ake rabewa, shi ya sa nake cewa mai sayarwa za ka fara tantancewa kafin agogo: kanti mai adireshi, mai ba da takardar saye da lambar agogon a rubuce, wanda zai karɓi kayansa in an samu matsala. Kamfanin da kansa ya fara sayar da na hannu masu shaidarsa tun ƙarshen 2022 ta hannun wakilansa, sun fi tsada, amma barcinka zai fi daɗi. Lambar da ke jikin agogo ta dace da ta takarda harafi da harafi. A irin nawa sai an cire sarƙa ake ganinta a gefen ƙarfe shida. A ƙirga gaɓoɓin sarƙa, don kowace da ta ɓata kuɗi ce. A duba kafaɗun da sarƙa ke maƙalewa, in sun sirance sun yi sulɓi kamar sabulu to an goge shi da inji fiye da kima, wannan kuma yana karya daraja ƙwarai. Tsohon agogo mai 'yan ƙuje-ƙuje ya fi wanda aka goge ya koma kamar sabo.

Na ƙarfe zalla nake ba maza shawara, saboda hukuncin zinariya a kanmu. Amma akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba: ko a na ƙarfen, hannaye da 'yan da'irorin da ke kewaye da alamomin awa na farar zinariya ne, a ƙarƙashin gilashi. Ni na kai maganar gaban malamina kafin in ci gaba da ɗaurawa, kowa ma ya kai wa nasa.

Gyara shi ne ɗawainiyar da ba a faɗa wa mai saye. Kamfanin yana cewa a kai shi wanki kusan duk shekara goma, da zafinmu kuwa ni ba zan kai haka ba, don roba tana bushewa. Masu gyaran agogonmu na bakin kasuwa mutanen kirki ne, sun rufa mini asiri shekaru a kan wasu agogunan, amma murfin bayan wannan agogon ba ya buɗuwa sai da mabuɗi na musamman, kuma in an rufe sai an gwada shi da na'urar matsin ruwa. Wani ya taɓa ɗauko almakashi zai gwada, na karɓe kayana. Wakilin kamfanin yana Legas, ko kuma ka haɗa da tafiyar Dubai, ka kuma tanadi jika ɗaruruwa.

In kuɗin bai kai ba, Tudor Black Bay 58, na kamfanin da yake ƙanin Rolex, yana jure mita 200 kuma kuɗinsa bai kai rabin na sabon Submariner ba. Omega Seamaster na hannu ya fi sabonsa sauƙi sosai, don yana zubar da kuɗi da zarar ya bar kanti, abin da ya zama alheri ga mai saye na biyu. Seiko kuwa tun 1965 suke yin agogon nutso, kuma toshewar da nake yabo a kan ƙura suna da ita a kuɗin da bai kai na babur ba.

Ɗan yayata ya kira lambar dillalin a gabana, a kashe. Ya sake kira washegari, a kashe. Jarin kayan waya ne ya kwasa, uwarsa ba ta sani ba har yau, kuma na yi masa alkawarin ba daga bakina za ta ji ba. Na ba shi rancen jika ɗari huɗu ya tada teburinsa, yana biya duk Alhamis. Koren agogon yana cikin durowar shagona, duk saurayin da ya zo yana tambayar nawa sai in ciro su biyun in ajiye masa a kan shadda in ce ya nuna mini na gasken. Cikin mutum tara da suka gwada, biyar jabun suka ɗauka.