FS-6406A ko RT-8908LL a tifar International 4700: wanne giyabos za ka ɗora?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Tunda ka ce tifar International 4700 ce mai injin DT466, aksul ɗaya a baya, birkinta na mai ne ba na iska ba, kuma giyabos ɗin Spicer mai giya biyar ya sake watsewa, to ka sa Eaton Fuller FS-6406A. RT-8908LL ɗin da aka yi maka tallarsa, wanda direbobi ke kira 8LL, ka bar wa masu taya goma.

Lambar da ke jikin farantin kowanne tana faɗa maka ƙarfinsa. FS-6406A giya shida ne mai sinkuro, wato zoben da ke daidaita gudun haƙora kafin giya ta shiga, yana ɗaukar ƙarfin murɗa har 660 lb-ft. RT-8908LL yana ɗaukar 860, yana da sandunan haƙora biyu a ciki masu raba nauyi, ba shi da sinkuro a babban akwatin, kuma iska ce ke canja shi daga ƙananan giyoyi zuwa manya. Kafin komai ka karanta farantin injinka. Yawancin DT466 da ke cikin 4700 ƙarfinsu bai wuce 660 ba. Idan naka yana cikin wannan, 6406 ya ishe ka, ƙarin 200 ɗin da ke 8LL ba abin da zai ja maka, domin giyabos ba ya ƙara wa inji ƙarfi.

Daɗin 6406 shi ne kusan zama yake yi a gurbin tsohon. Gidan kulocinsa yawanci mai lambar girma SAE 2 ne, irin na bayan injinka, mai faɗin baki milimita 447.7. Sandar gabansa inci 1.75 ce mai haƙora 10, ta dace da kuloci mai inci 14. Nauyinsa wajen kilo 160, mai kuma lita 9 da ɗan abu. Lamba ɗaya tana da 9.01, wato inji ya juya sau 9.01 kafin farfela ta juya sau ɗaya, wadda ta isa ta tayar da tifa cike da yashi daga gindin rafi ba tare da direba ya dinga ƙona kuloci ba, lamba shida kuma 1.00 ce. Duk direban da ya iya tuƙa Canter zai hau ya ja ta ranar farko. Sharaɗi ɗaya ne: ya taka kuloci a kowane canji. Masu canja giya da kunne ba tare da kuloci ba su ne ke cinye sinkuro cikin ƙanƙanin lokaci, daga nan sai ka ji lamba uku ta fara gurza.

Yana da aibinsa. Tazarar giyoyinsa tana da faɗi. Idan ka bar lamba uku mai 3.22 inji na juyi 2,300 a minti ka shiga huɗu mai 2.04, inji zai faɗo wajen 1,450, a kan hawa da kaya za ka ji ta yi sanyi. A 8LL tazarar kusan kashi 35 cikin ɗari ce kowane mataki, don haka inji yana tsayawa wajen 1,700. Wannan na yarda ya fi. To amma dubi abin da za ka biya kafin ka same shi.

Na farko iska. Motarka ba ta da kwamfireso, shi kuwa 8LL ba ya haurawa manyan giyoyi sai da iska. Sai ka ɗora kwamfireso a inji, da gwamnansa mai daidaita matsin iska, da tanki, da tiyo, da abin tace ruwa. Ragulatan da ke jikin giyabos ɗin yana rage iskar zuwa wajen psi 60, idan ta gaza haka ko ruwa ya shiga layin, giya za ta maƙale a tsakiya, sau da yawa a daidai lokacin da kake kan hawa. Wasu suna maƙala ƙaramin famfon lantarki irin na hura taya. Yana yi na ɗan lokaci, ba ya jure aikin tifa.

Na biyu shi ne wanda mutane ke mantawa sai an gama ɗauri: hambirki. A irin waɗannan motoci masu birkin mai, hambirkin ganga ce a kan layin farfela, galibi a wutsiyar giyabos. Leƙa ƙarƙashin taka ka gani. Ana samun 6406 mai mazaunin wannan ganga, shi za ka nema takamaimai. 8LL da aka ciro daga motar birkin iska ba shi da wurin, ka ga an bar ka da tifa mai kaya wadda dutse ne kaɗai zai tsayar da ita a gangare.

Sai kuloci. Yawancin 8LL sandar gabansu inci 2 ce, wasu kuma da gidan SAE 1 suke zuwa, mai faɗin milimita 511.2, wanda ba zai hau bayan injinka ba sai an canja gidan. Sabbin farantan kuloci dole, da birkin kuloci, wato faifan da ke tsayar da sandar gaba don a iya sa lamba ɗaya ko ribas a tsaye. Ana barin rabin inci tsakaninsa da boris ɗin kuloci. Direban da bai saba ba, wanda ke danne feda har ƙasa mota na tafiya, zai lalata shi a mako guda. Nauyin giyabos ɗin kuma ya haura kilo 300, kusan ninki biyu, sai an yi masa madogara ta baya a shasi, in ba haka ba gidan filawil ne zai tsage.

Abin da ya fi damuna da shi a mota irin taka shi ne giyar can ƙasa. Tana da 19.58. Ninka da 660, ka ga kusan 12,900 lb-ft na shiga farfela, alhali 6406 a lamba ɗaya bai kai 6,000 ba. Ranar da taya ta nutse a yashi direba ya sa wannan giya ya taka totur, giyabos ba zai ce komai ba, kuros ne zai tsinke, ko hafshaf, ko haƙoran cikin aksul. Ka raba kanka da gyaran giyabos ka koma gyaran aksul ke nan.

Idan gudu kake nema a titi, duka biyun ba su ƙara maka, saboda giyar samansu 1.00 ce. Da taya 11R22.5 da aksul mai 5.29, juyi 2,300 zai ba ka wajen kilomita 84 a awa. FSO-6406A, mai harafin O, giyar samansa 0.78 ce, zai kai ka wajen 108, amma lamba ɗayarsa ta ragu zuwa 7.05. Mai ɗibar yashi ya tsaya kan wanda ba shi da O.

Ko 6406 ɗin ma akwai ayyukan da ba a tsallakewa. A auna tsayin farfela bayan an ɗaura, a yanke ko a ƙara, a yi mata balans; kusurwar kuros na gaba da na baya kada su bambanta da fiye da digiri 1, in ba haka ba rawa za ta cinye boris ɗin wutsiya. A sa agogon awo a gidan filawil, karkatarsa kada ta wuce inci 0.008, don ita ce ke sa giya fita da kanta. A canja boris ɗin tsakiyar filawil tunda an riga an buɗe. PTO, wato ƙaramin akwatin da ke manne a jikin giyabos yana juya famfon ɗaga bodi, ba lallai haƙoransa su dace da sabon akwatin ba, kuma a duba ɓangaren da yake juyawa kafin a haɗa famfo. Mai kuwa SAE 50 na giyabos za a zuba har bakin ramin cikawa, ba GL-5 na aksul ba.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Ana cire farantin lamba daga mataccen 6406 a manna wa FS-5406 ko wani ƙarami, a wanke, a fesa fenti a ce ɗan Beljiyam ne bai taɓa aiki a nan ba. Dubi ƙusoshin farantin, idan sababbi ne ka tashi. Je da bakanikenka, a buɗe murfin sama a gabanka. Sa shi a lamba ɗaya, ku yi alama da alli, ku ƙirga: sandar gaba ta juya sau tara kafin wutsiya ta juya sau ɗaya. Ku kwance noti na zubar da mai, garin ƙarfe mai laushi a maganaɗisun ba komai, ɓarɓashi masu kaifi kuwa haƙori ne ya karye. Ka sa a cikin ciniki cewa sandar giya, gidan kuloci, cokalin kuloci, yok ɗin wutsiya da mazaunin gangar hambirki duk suna ciki, domin ana ɓalle su a sayar maka daban bayan ka biya. Kada ka cika kuɗi sai an rubuta maka kwanakin gwaji a rasit.