Ɗakin lemo na Dyrham Park ya cancanci a yi masa tattaki

Duk wanda hanya ta kai shi garin Bath a kudu maso yammacin Ingila, kuma yake da rabin yini a hannu, shawarata ya ƙarasa Dyrham Park. Tafiyar kamar mil 8 ce ta titin A46. Tsohon gidan ƙasaita ne da ke hannun ƙungiyar National Trust mai kula da wuraren tarihi. Ana biyan kuɗin shiga, mambobi kuwa katinsu kawai suke nunawa. Yawancin baƙi falukan gidan da makeken filin da ya kewaye shi ne ke kai su. Ni abin da ya riƙe ni shi ne ɗakin lemo, wato ginin renon bishiyoyin lemo, da ke manne da gidan, wanda na ga mutane da yawa suna leƙawa su wuce cikin minti biyu.

Gidan yana cikin kwari ne, don haka daga wurin ajiye motoci gangara ce mai ɗan tsawo. A sa takalmin da ba ya santsi, a kuma san cewa dawowar hawa ce. Sai dai gangaren yana da ranarsa: kana saukowa fuskar gidan ta gabas tana buɗewa a gabanka, ɗakin lemon kuma yana hannun hagu. Ginin ƙasa ne, ba bene ba, an gina shi da dutse mai launin zuma irin na yankin, da dogayen tagogi masu baka a samansu, da ginshiƙai marasa ado a tsakani. Bai kai gidan tsawo ba, amma bai yi kama da abin da aka liƙa daga baya ba.

William Talman ne ya zana shi a 1701, magini da ya yi aiki a Chatsworth, wani shahararren gidan ƙasaita a Ingila, kuma shi ne ya zana wannan fuskar ta gabas. Mai gidan, William Blathwayt, sakataren yaƙi ne na Sarki William na Uku. Ya yi aiki a Holan tun yana saurayi, yana jin yarensu, kuma zuciyarsa ta tafi ga kayansu. Tangaran masu shuɗi da fari da ke cikin gidan shaida ne. Sarkin kansa daga Holan ya zo, inda manya suka ɗauki renon lemo abin alfahari. A ƙasar da raɓa ke daskarewa da dare, bishiyar lemo ba ta kai bazara a waje. Dole a dasa ta a tukunya, a fito da ita lokacin zafi, a mayar da ita ɗaki idan hunturu ya kama. Lemon da ake yanka maka a kan faranti a bakin tasha, a nan sai da aka gina masa ɗaki na dutse, aka ɗauki ma'aikatan da za su riƙa ɗawainiya da shi.

Abin da ya fi burge ni sai da na ɗaga kai na gan shi. Rufin gilashi ne, amma ba haka aka fara gina shi ba. A zamanin Talman abin da aka fi tsoro shi ne sanyi, don haka ake yin bango mai kauri da rufi a toshe, haske kuma ta tagogi kaɗai yake shiga. Gilashi ma tsada gare shi, ƙanana ƙanana ake yin sa. Sai wajen 1800 Humphry Repton, wanda ya yi suna wajen tsara lambuna, ya sa aka yi rufin gilashi, bayan an fahimci cewa shuka ba ɗumi kaɗai take so ba, tana son rana ta sauko mata daga sama. Ka tsaya a tsakiyar ɗakin za ka ga tunanin zamani biyu a gini ɗaya: ƙasa nauyi, sama sakayau. A farkon bazara na je, iska na kaɗawa a waje, amma da na shiga sai da na kwance maɓallin rigata. Ganyen bishiyoyin na sheƙi kamar an shafa musu mai, wasu da 'ya'ya a jiki, ga ƙanshin ƙasa mai laima.

Ginin yana da wani aiki na biyu da ba a gani daga nesa. An dasa shi ne daidai inda zai tare ido daga sashen barori, don kada baƙon da ke saukowa daga tudu ya hango inda ake wanki da girki. Wannan ya tsaya mini a rai. Dabara ce ta gwanin magini, ba na musu, amma waɗanda ke ɗaukar tukwanen nan masu nauyi su ne aka ɓoye a bayansu.

Haka kuma ba zan yi shiru a kan inda wani ɓangare na dukiyar ya fito ba. Blathwayt shi ne mai binciken kuɗin shigar da Ingila ke samu daga yankunan da ta mallaka a Amurka da tsibiran Karebiyan, inda bayi daga Afirka ke noman rake da taba. A ɗaya daga cikin ɗakunan gidan akwai teburori biyu da aka sassaƙa da siffar baƙaƙen mutane a durƙushe, da sarƙa a jikinsu. Masu kula da gidan ba su ɓoye su ba, sun yi bayani a kansu, kuma na yaba musu. Na so a ce na fara ganinsu kafin na shiga ɗakin lemon, shi ya sa nake ba mai zuwa shawara ya fara da cikin gidan.

Akwai wurin shan shayi da banɗakuna a kusa da gidan. Lokutan buɗe gidan kan canza tsakanin hunturu da lokacin zafi, don haka a duba shafinsu na intanet kafin a kama hanya.