Kush ɗin manya: abin da na gani a shekara biyu ina jinyar mahaifiyata

Ranar da aka sallamo mahaifiyata daga asibiti, bayan hawan jini ya shanye mata ɓarin jiki na hagu, ma'aikaciyar jinya ta rubuta mini a bayan takardar magani cewa in nemi kush ɗin manya, wato irin ƙunzugun nan da jama'a ke kira pampas, amma wanda aka yi domin baligi. Na shiga farmasi ina jin nauyin ambaton sunan abin, don haka takardar kawai na miƙa. Mai sayarwa ya tambaye ni wane iri nake so da wace lamba, ni kuwa ban ma san akwai iri-iri ba. Sai na ce ya ba ni mafi girma, domin a zatona babba shi ya fi ɗaukar fitsari. A daren nan Inna ta kwana cikin lema har katifa ta jiƙe, saboda ita ba mai jiki ba ce, kuma kush ɗin ya bar rata a matsematsinta inda fitsarin ya samu hanya. Da asuba na tarar ta juya fuska wajen bango, ta ƙi kallona, kuma wannan ya fi wankin katifar yi mini ciwo.

Daga baya ne na fahimci cewa girma daban, ƙarfin tsotsa daban. Girma ana gane shi da harafin da ke jikin kunshin, M ko L ko XL, kuma kusa da harafin akan rubuta faɗin ƙugu da santimita. Abin da ya kamata shi ne a ari abin awon tela a auna ƙugu da kwankwaso, a ɗauki wanda ya fi faɗi, a je da wannan lambar farmasi, domin M na wani kamfani yana iya zama L na wani. Ƙarfin tsotsa kuwa yawancin kamfanoni suna nuna shi da zanen ɗigon ruwa: mai ɗigo kaɗan na rana ne ko na ƙaramar lalura, mai ɗigo da yawa na dare ne. A cikin audugar akwai wani gari mai kama da gishiri wanda ke shanye fitsari ya mayar da shi kamar kunun da ya daskare, kuma yawan garin nan ne ke bambanta mai kyau da marar kyau, ba kaurin auduga ba. Na taɓa sayen wani mai kauri kamar matashi da araha a kasuwa, ana ƙirga shi ɗaiɗai ba tare da kunshi ba, amma kafin azahar audugar ta dunƙule wuri ɗaya ta bar leda tsirara a jikin fata. Tun daga nan ban sake sayen wanda aka kwance daga kunshinsa ba, don ba a san daɗewarsa cikin ƙura da rana ba.

Wata huɗu na farko Inna tana kwance, ba ta iya tashi sai an ɗaga ta, kuma a wannan hali babu abin da ya kai kush mai manne a gefe. Ana buɗe shi baki ɗaya, a mirgina majinyaci gefe guda, a shimfiɗa, a mirgino shi, sannan a manne na ƙasa yana kallon sama, na sama kuma yana ɗan kallon ƙasa. Mutum ɗaya yana iya yin aikin ba tare da ya ɗaga ƙafafun marar lafiya ba, kuma idan da bayan gida ana cire shi ba tare da an shafa ko'ina ba. Kafin a saka, akan ninka shi gida biyu ta tsawo domin ƴan shingayen roba na ciki su miƙe, su ne ke tare fitsarin da ya zo da ƙarfi kafin auduga ta shanye. Wanda na fi jin daɗinsa yana da layi a bayansa mai sauya launi idan ya jiƙe, sai in ɗaga zane kaɗan in duba ba tare da na tashe ta daga barci ba.

Aibinsa ya bayyana ne lokacin da Allah ya kawo sauƙi, gashin ƙashi ya fara aiki, ta fara takawa da sanda. Mai manne yana zamewa idan mutum yana tafiya, yana da kauri a ƙarƙashin zane, kuma ledar bayansa tana ƙara duk lokacin da aka motsa. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne ba za ta iya cire shi ta mayar da hannu ɗaya ba, saboda haka ko ta ji fitsari da wuri, sai ta kira ni ko ƙanwata. Matar da ta haifi tara ta aurar da su, yanzu ƴar cikinta ce ke kwance mata ƙunzugu tana tsaye a makewayi. Wata rana ina manne mata sai ta ce da ni a hankali, "Ƴar nan, ki bar ni haka, na gaji da buɗe muku jikina." Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, ai ke kika fara yi mana." Ba ta amsa ba, amma na lura ta rage shan ruwa da gangan don kada a yawaita sauya mata, a Damagaram kuwa, cikin watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, wannan haɗari ne babba. Likita ya gargaɗe mu cewa ƙarancin ruwa yana sa fitsari ya yi kauri ya ƙara tsokanar mafitsara, ga kuma ciwon sanyin fitsari da ke biyo baya.

A nan ne muka koma ga mai kama da kamfai, wanda ake zurawa ta ƙafa a ja sama kamar wando. Shi ne abin da na fi yabawa cikin duk abin da muka gwada, amma ga wanda ke iya tsayuwa kawai. Yana da roba mai laushi kewaye da ƙugu, yana kama jiki, ba ya nunawa ta cikin zane, kuma Inna tana iya sassauta shi da hannunta na dama ta zauna a kan fo, ta mayar da kanta. Da yawan lokuta tana isa makewayi kafin fitsarin ya kufce, don haka guda ɗaya yakan kai ta daga hantsi zuwa la'asar a bushe. Idan ya jiƙe, ana yage shi ta gefe biyu maimakon a zare ta ƙafa. Cikin makon farko ta daina kiransa ƙunzugu, ta ce wandonta, kuma da shi ta fara fita: sunan jikanyar ƙawarta a unguwar Birni shi ne wurin farko da ta je bayan kusan wata bakwai tana tsakar gida. Ta zauna cikin mata har aka raba goro, ba ta riƙa kallon tabarmar da ta tashi a kai ba.

Ba na ɓoye laifinsa. Ya fi mai manne tsada idan aka ƙirga guda-guda, ba kowane farmasi ke ajiye shi ba, kuma saka sabo yana bukatar a cire takalmi a ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya, abin da ke da sauƙi ga mai ɗaura zane amma zai wahalar da namiji mai wando idan yana waje. Sannan da dare bai riƙe mana ba. Mutum yana kwance ta gefe, fitsarin dare kuma yana zuwa da yawa lokaci guda, sai ya fita ta cinya. Mun gwada sanya biyu, ɗaya a kan ɗaya, ashe ɓarnar kuɗi ce, domin bayan na ciki ba ya barin ruwa ya wuce zuwa na waje.

Ƙaramin nan mai kama da audugar mata, wanda ake mannawa cikin kamfai, na mai ɗigar fitsari ne kaɗan idan ta yi tari ko atishawa ko dariya, kamar yadda yake samun mata da yawa bayan haihuwa. Ga Inna bai isa ba. Abin lura shi ne audugar al'ada ba ta maye gurbinsa, don an yi ta ne domin jini, ba ta shanye fitsari da sauri kuma ba ta danne zarni. Tsumma da wandon leda kuwa, wanda wata gwaggonmu ta nace a kai saboda tattali, kwana goma muka yi da shi muka haƙura. Duk wanda ya zauna garin nan ya san yadda famfo ke yin kwanaki babu ɗigo a lokacin bazara, kuma idan aka haɗa kuɗin ga-ruwa da sabulu da wahalar mai wanki, arahar ta tafi. Ga shi tsumma yana riƙe lema a jikin fata, ledar kuma tana dafa ta.

Shimfiɗar gado mai leda a ƙasa da auduga a sama, wadda masu farmasi ke kira alez, mai faɗin santimita 60 da tsawon 90, ita ce ta ceci katifarmu ta biyu. Ba ta isa ita kaɗai ba, kariya ce ta bayan kush. Idan ba ta jiƙe ba muna barinta kwana biyu ko uku, kuma mun shimfiɗa babbar leda ƙarƙashin zanen gado don ƙarin tsaro.

Fata ita ce wurin da zafin garinmu ke nuna bambancin kaya. Kush mai bayan leda zalla ya fitar wa Inna da ƙuraje da ja a matsematsi cikin kwana uku na bazara, mai baya kamar yadi wanda iska ke ratsawa kuwa bai yi haka ba, ko da yake ya fi tsada. Abin da ya zaunar mana da fatar shi ne wankewa da ruwa mai ɗumi a kowane sauyi, a tsane da tawul ba tare da gurzawa ba, a bar wurin ya sha iska na ɗan lokaci, sannan a shafa man da ke da sinadarin zinki siriri. Na daina barbaɗa hoda domin tana cuɗewa da gumi, na kuma daina lafta basilin domin yana toshe fuskar audugar har fitsari ya riƙa gangarewa a kanta.

Maganar kuɗi ba ta da daɗi amma dole ce. Uku a rana yana nufin 90 a wata, kuma babu ranar hutu. Yawancin abin da nake samu a kasuwar Dole da shagunan Zango ta Kano yake shigowa, don haka da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya a 2023 kayan suka yi wuya, wanda ya rage kuma ya hau, har sai bayan da aka buɗe a watan Maris na 2024 muka ɗan samu sararawa. Tun lokacin ba na bari kunshin ƙarshe ya buɗe ban sayo wani ba. Na kuma gane cewa mai arahar da ake sauyawa sau biyar ya fi mai tsadar da ake sauyawa sau uku cin kuɗi. Zubarwa ma sai da kula: ba a jefa shi a masai, domin yana kumbura kuma ba ya ruɓewa, kuma idan aka kai juji a buɗe awaki suna yayyaga shi su watsa a lungu. Muna naɗe shi, mu ƙulle cikin baƙar leda, mu tara a bokiti mai murfi.

Abin da ya fi damun Inna tun farko shi ne salla, tana ganin kamar ba ta da tsarki. Yayana ya tambayi malamin unguwarmu, ya bayyana mana cewa mai lalurar da fitsari ke kufce masa mafi yawan lokaci, wadda malamai ke kira salas, shari'a ta yi masa sauƙi, kuma lalurar ba ta hana shi salla. Don haka muka daidaita sauyin da lokutan salla: da asuba a cire mai manne na dare a yi tsarki a sa wando, a duba kafin azahar, a sauya wajen la'asar idan da bukata, bayan isha kuma a mayar da mai manne mai ɗigo da yawa, da alez a ƙarƙashinta. Maganin hawan jininta mai sa fitsari likita ya ce a riƙa ba ta da safe, shayin dare kuma mun mayar da shi na hantsi. Kunshin wandon yana cikin adakarta tare da zannuwanta, ita ke ɗaukowa da kanta, kuma idan ya kusa ƙarewa takan ce da ni kawai in tuna da saƙonta idan zan shiga kasuwa.