Ajiyar zuma: randa cikin randa ko rami a tsakar ɗaki?

Malam, ka ce ka sauke amya shida a ƙarshen Maris, zumar da ka tace ta kai jarka biyu, kuma ba ka son sayarwa yanzu da take araha, sai bayan damina. Ɗakinka na kwano ne, ga shi wuta ba ta kai ƙauyenku can bayan Ringim ba. Tambayarka ita ce, a sa ta a randa cikin randa, wato tukunyar nan mai sanyaya kayan lambu, ko a haƙa mata rami? Duka biyun na gwada, kuma rami zan ce maka. Amma randar ma ba abar rainawa ba ce, aikinta ne daban.

Zuma ba sanyi take nema ba. Abu biyu take gudu: laima, da zafin da ke hawa da rana ya sauka da dare. Zumar da ta nuna, wadda ƙudan ya toshe saƙarta da kaki, ruwan cikinta yakan tsaya wajen kashi 17 zuwa 18 cikin 100. Da ya haura 20 sai ta fara kumfa, ta yi tsami, jarka ta kumbura, abin da ka ajiye don magani ya kama hanyar zama giya, Allah ya kiyaye. Kuma tana zuƙar ruwa daga iska kamar yadda gishiri ke yi da damina. A ɗakin kwano kuwa, cikin Afrilu da inuwa kanta ke kai digiri 40, iskar da ke saman jarka tana buɗewa ta fita da rana, dare ya yi ta tsuke ta jawo ta waje. In murfin bai kama ba, haka jarkar za ta yi ta numfashi, ranar da ruwan sama ya sauka kuma laima za ta riƙa shaƙa. Zafin kuma yana baƙanta zuma, ya tafi da ƙamshinta.

Randa cikin randa tamu ce, ta nan Jigawa. Mohammed Bah Abba, wanda a lokacin malami ne a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, shi ya yaɗa ta a ƙauyuka a shekarun 1990, har ta ba shi kyautar Rolex a 2000. Ƙaramar tukunya a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a sama. Ruwan yana tsatsafowa ta jikin babbar, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin ciki, kamar dai yadda randar tsakar gida ke sanyaya ruwan sha. Yalon da ke yaushi a kwana 3 an ga ya kai kwana 27 a cikinta. A bazara ta fi rami sanyi nesa ba kusa ba.

To amma dubi abin da sanyin ya dogara da shi. Sai iska ta bushe take aiki. A hunturu da bazara ba ta da na biyu, a watan Agusta kuwa, da iska ta ƙoshi da ruwa, sai ta koma tukunya kawai mai danshi. Tana son ban ruwa safe da yamma. Ka tafi biki kwana biyu yashi ya bushe, ka dawo ka jiƙa, ka ga hawa da saukar da muke gudu ke nan. Babban abin ma shi ne cikinta cike yake da laima. Laimar ce ke hana tumatir da alayyafo yaushi, ita ce kuma ajalin zuma. Na taɓa sa roba biyu a ciki, ɗaya murfinta ya ɗan tsage ban lura ba. Kafin wata biyu samanta ya tsinke ya yi kumfa, warin tsami na tashi. Har yau ina jin ciwon asarar nan.

Rami ba ya sanyi, kada ka yi tsammanin haka. Ka sa hannu ka ji ɗumi-ɗumi ma. Abin da yake da shi natsuwa ce. Zafin rana da sanyin dare ba sa ratsa ƙasa fiye da kamu ɗaya ko makamancin haka, don haka a zurfin kamu biyu azahar da asuba kusan ɗaya suke. Canjin bazara zuwa hunturu yana kai wa can, amma a hankali, cikin makonni. Ba ya neman ruwa, ba ya neman ka zauna gida.

Ka haƙa shi a ɗakin ƙasa in akwai a gidan, soro ko na ciyawa, nesa da bangon yamma da rana ke duka. Ka binne busasshiyar randa har wuya, ka cika gefenta da busasshen yashi, ka barbaɗa toka saboda gara da kiyashi. Zumar kuma ka raba ta a ƙananan robobi ko kwalabe masu murfin murɗawa, ka cika kowanne har wuya don kada iska ta sami wurin zama, ka goge jikinsu tas, domin ɗigo ɗaya ya isa ya kira kiyashi. Sai faifai, sai katako, sai buhun algarara a sama. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi, ko an wanke ta sau goma, a'a. Gwangwanin da ke tsatsa ma haka, zuma na da ɗan tsamin da ke cin ƙarfe.

Inda rami ke faɗuwa shi ne ƙasa mai ruwa. In gidanku na kusa da fadama, ko ɗakin na tsatsafo da danshi a tsakiyar damina kamar yadda ake fama a garuruwan bakin kogin Haɗeja, kada ka haƙa. Ka ajiye randar a kan dakali a lungun ɗakin ƙasa, ka nutsa robobin cikin busasshen yashi. Bai kai rami ba, amma ya fi ƙarƙashin kwano.

Wani zai ce a kai wa mai firij a gari. Ban so ba. Zuma ta fi saurin daskarewa a wajen digiri 14, kuma firijin da wuta ke ɗaukewa ta dawo yana yawan ratsa wannan digirin. Daskararriyar zuma lafiyarta ƙalau, sai dai mai saye a kasuwa da ya gan ta zai ce ka zuba sukari.

Kafin ka binne komai, tuna yadda saƙar take ranar da ka sauke. In akwai amyar da ka matse alhali rabin ramukanta a buɗe, ba a toshe ba, wannan zumar ɗanya ce, ba ramin da zai riƙe ta har kaka. Ita ka fara sayarwa ko a sha a gida, kada ka gauraya ta da sauran. Wadda ka binne kuma, sau ɗaya a wata ka ɗaga faifan ka latsa robobin ba tare da ka buɗe ba. Wadda ka ji ta yi tauri ta kumbura, fitar da ita a ranar.