Kwalejin shekara biyu ko jami'a kai tsaye? Amsa ga Hajiya kan 'yarta mai son koyar da firamare a New York

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka da ta zaɓi koyarwa. Ki kai ta kwalejin shekara biyu ta CUNY, wato jami'ar gwamnati ta birnin New York, ko Bronx Community College ko Hostos, duk wadda ta fi muku kusa, in ta gama sai ta wuce jami'a ta ƙarasa. Ta nan na bi, kuma yau ajin firamare nake riƙewa.

Lokacin da na shiga Bronx Community College ina da goyo, Turancina na rubutu kuma bai nuna ba. Ajinmu na lissafi bai kai mu talatin ba, har malamar ta san sunan kowa. Wata rana ta ga na kasa bayanin yadda ake raba ɗaya gida huɗu, alhali na san amsar. Bayan an tashi ta zaunar da ni, ta ɗauko farar takarda ta ninka biyu, ta sake ninkawa, ta buɗe ta miƙo mini, ta ce in yi mata bayani kamar ita 'yar shekara bakwai ce. Sau uku ina yi tana cewa in sake. Har yanzu da ninkin takardar nan nake fara wannan darasi duk shekara.

A can kuma aka fara tura ni makaranta in zauna a bayan aji ina kallon yadda ake koyarwa. A wani aji ɗaya na tarar da wata yarinya da ba ta daɗe da zuwa daga Yamai ba, an ce mini tun da ta zo ba ta buɗe baki ba. Na durƙusa kusa da teburinta na ce, "Yaya sunanki?" Ta ɗago ta ƙura mini ido, sai ta kama gefen mayafina ta riƙe har aka tashi tara. Wallahi Hajiya a ranar na san aikin da zan yi ke nan. Amfanin fara shiga aji da wuri shi ne wannan: yarinya za ta gane ko tana iya wuni da yara ashirin da wani abu tun ba a kashe kuɗi mai yawa ba.

Maganar kuɗi kuwa, mazaunin New York mai cikakken karatu, wato ba na rabin lokaci ba, yana biyan dala 4,800 a shekara a kwalejin shekara biyu, a manyan kwalejojin CUNY irin su Hunter da City College kuma dala 6,930. Tazarar ba ta kai yadda ake zuzutawa ba, kuma in ta samu tallafin Pell na gwamnatin tarayya da TAP na jiha suna iya rufe kuɗin makarantar. Abin da ya fi ja na shi ne shirin ASAP da aka fara a 2007. Suna ba ɗalibi kuɗin jirgi da bas, suna taimakawa da littattafai, sannan a haɗa shi da mai ba da shawara guda wanda zai riƙa bibiyarsa. Sharaɗinsu dai ta ɗauki cikakken karatu. Ko yaran da takardunsu ba su kammala ba, tun 2019 dokar jiha ta ba waɗanda suka yi sakandare a nan damar neman TAP.

Shiga jami'a kai tsaye ba laifi ba ne in makinta ya yi kyau kuma ta riga ta tsai da shawara, za ta huta da wahalar canjin makaranta. Jami'o'i masu zaman kansu dai, da wasunsu ke haura dala 50,000 a shekara, ban ga dalilin cin wannan bashi a kan albashin malami ba.

Sai dai ki riƙe wannan da kyau: takardar shekara biyu ita kaɗai ba ta sa a ba ta aji a makarantar gwamnati. Iyakarta mataimakiyar malama ko aiki a gidan renon yara. Dole ta haɗa kiredit (ma'aunin darussan da aka ci) 60 na farko da wasu 60 ta samu digiri, ta yi zango guda tana koyarwa a ƙarƙashin wata malama, ta ci jarrabawar jiha, wato EAS da CST, sannan a ba ta lasin farko na aji 1 zuwa 6. Bayan nan akwai digiri na biyu da jihar ke so a yi cikin shekara biyar, amma wannan tana aiki tana yi.

Shi ya sa ranar rajista ta buɗe baki ta ce AA ko AS take so. Su ne nau'o'in takardar shekara biyu da aka tsara domin wucewa gaba, kuma duk wanda ya gama ɗayansu CUNY ta lamunce masa gurbi a ɗaya daga manyan kwalejojinta, ko da ba wadda ya fi so ba ce. Ɗaya nau'in, AAS, ta masu neman aiki nan take ce, wasu darussanta ba a ƙirga su a gaba. Ta kuma dage makinta kada ya sauka ƙasa da 3.0, don shi za a duba. Ni da na koma City College ban maimaita darasi ko ɗaya ba, saboda tun zangon farko na kai wa mai ba ni shawara jerin abin da suke nema.

Ba ki tambaya ba, amma sai na faɗa. Ki yi hattara da makarantun kuɗi masu liƙa talla a cikin jirgi suna alkawarin gamawa cikin 'yan watanni. Kafin in san hanya na shekara guda a irinsu. Mutumin da ya yi mini rajista ya yi ta kira na a waya kamar ɗan'uwa, ya ce ko'ina za a karɓi darussana. Da na tashi canjawa ko kiredit ɗaya ba a karɓa ba, bashin kuwa ya bi ni shekaru ina biya. ASA College da ke nan garin an ƙwace mata shaidar amincewa ta rufe a 2023, ɗalibai suka rasa tudun dafawa. Kowace makaranta ce, ki tambaya ko hukumar Middle States mai tantance kwalejoji ta amince da ita, kuma ko shirinta na malanta yana da rajista a ma'aikatar ilimi ta jiha. Haka masu karɓar kuɗi a unguwa wai su cike muku FAFSA, takardar neman tallafin karatu ta gwamnatin tarayya: kyauta ce, kuma ofishin tallafi na kwalejin zai zauna da ita su cike.

Ki turo mini ita ranar Asabar bayan la'asar, ta zo da sakamakonta na sakandare da takardar harajinku ta bara waccan, mu cike takardun tare.