Gwajin da asibitocin Ingila ba sa yi wa mai lafiya

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaisuwa, da fatan ke da Alhaji da yara kuna lafiya. Mu ma nan Manchesta alhamdulillahi.

Kin tambaye ni ko in an zo gwajin aure, tunda Kano ta wajabta shi a 2024, yana da kyau a biya ƙarin kuɗi a haɗa da na hafis, cutar nan mai fito da ƙuraje masu ruwa a leɓe ko a gaba. Zan gaya miki yadda ake yi a nan da Amurka, don maganar tana cina a rai.

A Ingila akwai asibitoci na musamman don cututtukan saduwa, ƙarƙashin hukumar lafiya ta NHS. Kyauta ne, ko mutum ba shi da takardar zama, kuma sirrinsa a rufe yake. Magani ma kyauta, alhali sauran magunguna ana biyan kusan fam goma kan kowanne. A Landan har kayan gwaji ake aiko wa mutum gida ta gidan waya, na ƙanjamau da tunjere da ciwon sanyi. Amma ki je lafiyarki ƙalau ki ce a gwada jininki don hafis, galibi za su ba ki haƙuri. Za su ce in ƙurji ya fito ki zo da wuri kafin ya bushe, su dangwali ruwansa da auduga a kai gwajin PCR. Wannan shi ne gwajin da ake kafa hujja da shi, domin ƙwayar cutar ce da kanta ake gani, har a faɗa miki nau'i na ɗaya ce, mai yawan fitowa a leɓe, ko na biyu, mai yawan fitowa a gaba.

A Amurka kuwa mai kuɗi yana sayen gwajin jinin ta intanet, kamar yadda wasu asibitocin kuɗi na Landan ma suke sayarwa. Da farko za ki ce can aka fi ci gaba. To, gwajin jini ba ya ganin cutar, sojojin jiki da suka taso mata yake nema, kuma sukan ɗauki har mako 12 kafin su bayyana. Wanda ya ɗauka kwanan nan sai a ce masa ba shi da ita. Mafi muni shi ne akasin haka. Gwajin nau'i na biyu yakan fito da lamba, kuma in lambar tana tsakanin 1.1 da 3, sau da yawa ƙarya ce, musamman ga mai ɗauke da nau'i na ɗaya tun yarinta, irin wanda muke cewa zazzaɓi ya fito masa a baki. Kwamitin da ke ba Amurka shawara kan rigakafi ya ba da shawarar kada a yi wa masu lafiya wannan gwaji a 2016, ya sake jaddadawa a 2023, saboda lissafinsu ya nuna kusan rabin waɗanda za a ce suna da ita ba su da ita. Mai son tabbaci sai ya aika jininsa Jami'ar Washington da ke Siyatil a yi masa wani gwaji mai tsada. Akwai kuma wani gwajin jinin da ake kira IgM, wanda likitocin can suka ce kada ma a yi shi don hafis.

Yaya, ki yi tunanin takarda irin wannan a hannun waliyyin ango ana saura sati biyu biki. An kai lefe, an raba kati, sai a fasa kan sakamakon da bai fi jefa kwabo sama inganci ba. Yarinya ta shiga bakin duniya da abin da wataƙila ba ta da shi. Ko da tana da shi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan kashi biyu cikin uku na 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da nau'i na ɗaya, wasu sama da miliyan 500 kuma da na biyu, yawancinsu ba su ma sani ba. Cutar takan kwanta shekaru shiru, don haka fitowarta bayan aure ba hujjar cin amana ba ce. Wannan magana ma'aikatan jinya a nan suna zaunar da ma'aurata su gaya musu, kuma ina ganin ta ceci gidaje da yawa.

Ba sa kuma ɓoye haɗarin. Ana iya shafa wa abokin zama ko babu ƙurji, domin ƙwayar takan fito saman fata wasu ranakun ba tare da alama ba. Amma haɗarin yana da magani. Wani bincike da aka buga a 2004 kan ma'aurata kusan 1,500 ya nuna cikin wata 8, kashi 3.6 cikin ɗari ne suka ɗauka daga abokan zamansu, a inda kuma mai cutar yake shan maganin valacyclovir kullum abin ya sauko zuwa 1.9. Kwaroron roba yana rage haɗarin sosai, ya fi ma kare mace daga namiji. Sai ƙaurace wa shimfiɗa daga lokacin da aka fara jin ƙaiƙayi ko zafi har wurin ya warke. Mai mata biyu ko uku nauyin da ke kansa ya fi, wajibi ne ya faɗa musu.

Inda ba sa wasa ko kaɗan shi ne mai ciki. In mace ta ɗauka karon farko a watannin ƙarshe, jariri na iya kamuwa wajen haihuwa, kuma cutar tana iya kashe shi ko ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ake ba uwar maganin aciclovir kafin haihuwa, wani lokaci a yi tiyata. Mai ƙurji a leɓe kuma ba ya sumbatar jariri, wannan ki gaya wa 'yan barka da 'yan suna.

Abin da ke damuna da gida shi ne komai ciwon sanyi ne, mai kemis ya haɗo maganin ƙwayoyin cuta da ba ya taɓa hafis, mai maganin gargajiya ya yi alkawarin wanke ta gaba ɗaya. Har yau babu ƙasar da ke da maganin da ke fitar da ita daga jiki, sai dai na kwantar da ita, kuma aciclovir ɗin yana nan a manyan kantunan magani na gida. Don haka a yi gwaje-gwajen da doka ta ce, a bar na jinin hafis. In wani cikinsu ya taɓa ganin ƙuraje a gabansa, ya je wurin likita lokacin da suka fito, ya kuma sanar da wanda zai aura.

A gaida Hajiya da kowa da kowa.