Aswan zuwa Luksor a jirgin ruwa: abin da kuɗin ɗalibi ya saya mana

Duk mazaunin Alkahira ya san tallar nan da ake liƙawa a ƙofar ofisoshin yawon buɗe ido: kwana uku a jirgin ruwa a kan kogin Nilu daga Aswan zuwa Luksor, da makwanci da abinci, farashi kaza. Mun daɗe muna wuce ta, don kuɗin ɗalibi ba na shaƙatawa ba ne. Abban yara yana digirinsa na uku a Azhar, ni kuma ina ɗan ɗinki da sayar da turaren wuta a gidanmu da ke Hayyul Ashir. Abin da ya sa muka yi ƙundunbala bana shi ne Hajiya, mahaifiyarsa, wadda ta zo daga Sakkwato aikin ido, aka sallame ta lafiya, ya rage mata 'yan makonni ta koma. Ya ce tunda ido ya buɗe, a kai ta ta ga abin gani.

Tafiyar ta yi, kuma ko gobe zan ce wa mai iyali ya je. Amma farashin da ke jikin takardar talla kada ya ruɗi kowa. Da muka dawo na zauna na haɗa lissafi, abin da muka kashe bayan kuɗin jirgin ya kusa kamo kuɗin jirgin kansa.

Dabarun rage kuɗi da muka bi ba su da wuya. Wanda ya taso daga Luksor ya nufi Aswan yawanci kwana huɗu ake sayar masa, wanda ya taso daga Aswan kuwa kwana uku, ga shi jirgin yana bin ruwa ne, tunda Nilu daga kudu yake gangarowa arewa. Wuraren da ake tsayawa duk ɗaya ne, saboda haka muka ɗauki na kwana ukun. Sai lokaci. Turawa da sanyi suke zuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin ne farashi yake hawa. Mu a farkon Satumba muka je, rana tana wuce digiri 40 a Aswan. Dillalin da ya sayar mana ya yi ta gargaɗinmu a kan zafi, Hajiya ta dube shi ta ce wa ɗanta ya faɗa masa daga ina ta fito. Ƙaramarmu ba ta kai shekara shida ba, ba a karɓi kuɗinta ba tunda a gadonmu za ta kwana, manyan biyu kuma rabin kuɗi. Ɗaki biyu muka kama, Hajiya da manyan yara a ɗaya.

Sunan jirgin ma sai ana gobe tafiya aka faɗa mana. Haka ake yi wa masu sayen na araha: a rubuta maka jirgi mai tauraro biyar "ko makamancinsa", sannan a saka ka inda aka sami gurbi. Taurarin nan kuwa ban san wa yake raba su ba. Namu tsoho ne, darduman ƙasa sun koɗe, ƙofar banɗaki sai an ɗaga ta take rufuwa. Amma zanin gado fes yake, na'urar sanyaya ɗaki tana aiki dare da rana, ruwan wanka bai taɓa yankewa ba. Araha ba ta ado, mun sani, ba mu kuma je neman ado ba.

Inda arahar ta cije mu shi ne wurin da ɗakunan suke. A hawan ƙasa aka saka mu, can baya, kusa da inji. Tagar tana dab da ruwa kuma ba ta buɗuwa. Idan jirgi yana tafiya da dare gadon har rawa yake, ga ɗan warin man dizal a baranda. Yara ko a jikinsu, suna kwanciya sai barci. Hajiya ce ta sha wahala daren farko. Washegari Abban yara ya je wurin manaja da Larabcinsa na Azhar, aka yi ta "ma'alesh, ma'alesh", wato a yi haƙuri, daga ƙarshe aka mayar da ɗakinta hawa na biyu ba tare da ƙarin ko sisi ba, saboda jirgin bai cika ba. Da a Disamba ne ba na jin za a samu. Wanda zai saya ya sa a rubuta masa hawan da ɗakinsa yake kafin ya biya, musamman idan da tsoho a tafiyar, don jirgin ba shi da na'urar hawa, matakala ce daga ƙasa har sama.

Wani abin da hoton talla ba ya nunawa: jiragen nan suna da yawa, mashigar kuma kaɗan ce, saboda haka jerawa suke gefe da gefe kamar motoci a tasha. Kafin ka kai naka sai ka ratsa ta zauren jirgi uku ko huɗu. Idan an tsaya, abin da za ka gani ta taga shi ne tagar wani. Ka tuna ka ja labule.

Abinci ne ya fi ba ni mamaki, don na tafi da shirin yunwa. Sau uku a rana ake jera shi kowa ya ɗiba. Da safe akwai ful (dafaffen wake) da ɗa'amiyya (ƙosan Masar) da ƙwai da burodi, da rana da dare shinkafa ko taliya da kaza ko kifi, wani lokacin nama. Ranar da aka yi mulukiyya Hajiya ta leƙa tukunyar ta ce ai lalo ne, ta nemi tuwo, babu, ta haƙura da shinkafa. Masu girkin Musulmi ne, ba mu yi fargabar yanka ba. Yaji ne kawai babu, na kuwa tafi da nawa a 'yar kwalba, har wani ma'aikaci ɗan Nuba ya roƙi a ɗiba masa. Abin sha kuma ba ya cikin kuɗin, har ruwa. Shayi da gahawa na safe kyauta ne, amma gorar ruwa a teburin cin abinci ta ninka ta kanti sau da yawa, ga mu mutum shida cikin wannan zafi. Tun a Aswan muka sayi katan biyu muka shiga da su ɗaki, ba wanda ya ce mana uffan.

Sai kuɗin shiga wuraren tarihi, wanda shi ne babban rami. Akwai farashi mai haɗe da tikiti da ɗan jagora, akwai wanda babu. Mun ɗauki wanda babu don mu zaɓi inda za mu shiga. A Masar farashin ɗan ƙasa daban, na baƙo daban, tazarar kuma ba kaɗan ba ce. Baƙar fatarka za ta iya sa mutanen Aswan su yi maka magana a matsayin ɗan gari, amma mai sayar da tikiti takarda yake dubawa. Katin ɗalibi ya rage wa Abban yara rabi, ƙaramarmu ta shiga kyauta. A manyan wuraren yanzu da katin banki ake biya, ba a karɓar tsabar kuɗi, to a tabbata katin da aka riƙo yana aiki.

Abu Simbel, wurin bautar Fir'aunoni da aka sassaƙa a jikin dutse, muka bari. Yana da nisan kusan kilomita 280 kudu da Aswan, ana tashi tun kafin asuba a mota, kuɗinsa kuma daban. Da tsohuwa da ƙananan yara ba mu ga amfanin wahalar ba. Madatsar ruwan Aswan da aka kammala a 1970 ma ba mu biya mun hau ba. Philae muka je, wani tsohon wurin bauta, kuma shi ne ya fi burge ni a duk tafiyar. Ginin a kan tsibiri yake, sai an shiga ƙaramin kwalekwale mai inji. Asalinsa ba a nan yake ba: ruwa ne ya ci tsibirin farko, sai aka kwance ginin dutse bayan dutse a shekarun 1970, da taimakon UNESCO, aka sake ɗora shi a tsibirin Agilkia. Babban ɗana ya yi ta neman inda aka haɗa duwatsun. Kuɗin kwalekwalen ba ya cikin tikiti, ciniki ake yi a bakin ruwa, kuma gara a haɗu da wasu a cika shi a raba kuɗin.

Kom Ombo da yamma aka tsaya, ginin bautar yana bakin ruwa, da ƙafa ake hawa daga jirgi, babu kuɗin mota. A gefensa akwai ɗan gidan tarihi cike da busassun kadoji da mutanen wancan zamanin suka naɗe suka adana, saboda ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu, Sobek, kan kada gare shi. Yara sun manne a gilashin har sai da aka ja su. Hajiya ta tsaya ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ikon Allah, mutane masu wannan basira ta gini, amma su ɓuge da kada."

Edfu ne wurin da raina ya ɓaci. Ginin bautar kansa ba shi da laifi, yana cikin waɗanda suka fi tsira da siffarsu a duk Masar, an fara shi a shekara ta 237 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma rufinsa yana nan, akwai inuwa. Matsalar hanyar zuwa ce. Daga bakin ruwa keken doki ake hawa, hanɗur suke ce masa, masu shi kuma sun san jirgi ba ya jira. Mun yi ciniki zuwa da dawowa, muna dawowa mutumin ya ce wannan kuɗin zuwa ne kawai, sannan a ba doki nasa bakshish ɗin, wato tukuici. Dokin kuwa haƙarƙarinsa a waje, ga bulala ba dalili. Abban yara ya miƙa masa abin da aka yi da shi ya juya, mutumin ya biyo mu har bakin matakala yana ɗaga murya. Kada a biya sai an dawo, a kuma riƙe lambar keken, don da an fito duk kama suke.

Tsakanin Edfu da Luksor ne aka fi daɗewa ana tafiya da rana, kuma nan ne na ga abin da muka biya. Saman jirgin a buɗe yake, da rumfa da kujeru. Gonakin rake da ayaba da dabino suna wucewa, yara suna wanka a gaɓa suna ɗaga hannu, ɓaunayen noma suna kwance cikin ruwa sai hanci, bayan koren kuma sai tsaunin rairayi tsirara, kusa ƙwarai. Kiran salla yana tasowa daga wannan gaɓa, wani ya amsa daga waccan. Jirgi mai tsada da ya wuce mu, wannan kogin dai yake kallo.

A Esna akwai ƙofar ruwa da ake shigar da jirgi, a rufe, a rage ruwa har ya sauka, sannan a buɗe gaba. Ana bin layi, mun jira fiye da awa. Ana cikin jira sai ga 'yan kasuwa a ƙananan kwalekwale, suka ɗaura igiya a jikin jirgi, suna ta kwala kira. Mutum yana tsaye a kwalekwale zai cusa jallabiya ko mayafin tebur a leda, ya wurgo ta sama hawa huɗu, ta faɗo a gabanka. In kana so ku yi ciniki da ihu da yatsu, ka sa kuɗi a ledar ka jefa masa. In ba ka so ka mayar. Hajiya, wadda ta shekara talatin tana saye da sayarwa, ta karɓi ragamar cinikin da Hausa zalla, shi yana Larabci, kuma ta sami jallabiya biyu a ƙasa da rabin abin da ya fara faɗa. Ɗaya ta koɗe a wankin farko.

Ga mai tambayar ko wurin ya dace da iyali Musulmi: akwai mashaya a jirgin, akwai kuma ɗan wurin ninkaya a sama inda baƙi suke kwanciya da kayan wanka. Mu can gaba muke zama, ƙarƙashin rumfa, ba wanda ya takura wa wani. Dare ɗaya an yi rawar tannura, mai juyi da faffaɗan buje, yara suka kalla, da aka ce mai rawar ciki ce za ta biyo baya muka sauka. Babu masallacin fasinja. Abban yara yana bin ma'aikata jam'i a ƙasa, mu muna yi a ɗaki. Alƙibla tana hannun dama idan ka fuskanci gaban jirgi, amma kogin yana lanƙwasa, sai an duba waya kafin a tayar. Mai ƙaramin yaro kuma ya sa ido a saman nan, ƙarfen da ya kewaye shi yana da tazarar da ban yarda da ita ba.

Daren ƙarshe ake ajiye ambulan a ɗaki na bakshish ɗin ma'aikata, ana lissafa shi kan kowane mutum a kowane dare. Ba dole ba ne a rubuce, amma dole ne a aikace, kuma ban ji ciwon bayarwa ba, don masu gyaran ɗakin nan sun yi wa yarana kada da agwagwa da tawul kullum. A dai ware kuɗin tun daga gida.

A Luksor da safe ake sallama, amma sun yarda sun riƙe mana kaya har yamma. Mun ƙi motar da suka yi mana tayi, muka hau jirgin fito na 'yan gari zuwa gaɓar yamma da kuɗi ƙalilan, can muka yi cinikin tasi zuwa Kwarin Sarakuna, inda kaburburan Fir'aunoni suke. Tikiti ɗaya kabari uku yake ba ka, na Tutankhamun da aka gano a 1922 kuɗinsa daban, mun bar shi. Ukun ma sun ishe mu, don gangara ce mai tsawo kuma ciki babu iska, Hajiya ɗaya ta shiga ta ce sauran mu gaishe su. Azahar muka yi a masallacin Abul Hajjaj, wanda yake zaune a kan ginin Fir'aunonin da ke tsakiyar gari. Karnak kuwa, babban wurin bautar da ke Luksor, kuɗi da ƙafafu duk sun ƙare kafin mu kai gare shi. Komawa Alkahira motar dare muka hau, saboda tikitin jirgin ƙasa na baƙi ya fi ƙarfin abin da ya rage a jaka, kuma motar tana da sanyin da sai da muka lulluɓe yara da sababbin jallabiyoyin Hajiya.